Wane ruwan toka ya dace da F-16, kuma ana iya haɗa shi a gida?

Ɗan_Ƙofar_Soro
Assalamu alaikum, manyanmu da sauran 'yan'uwa. Ina neman shawara game da fentin ƙaramin samfurin jirgin yaƙi F-16C na kamfanin Tamiya, mai ma'aunin 1/48, wanda na gama harhaɗawa. Tsarin da nake so in yi masa shi ne na ruwan toka iri uku: FS 36118 a gadon baya da saman fukafukai, FS 36270 a gaban jirgin da jelar sama, sai FS 36375 a ƙarƙashin jikinsa. Abu biyu ne suka ɗaure mini kai. Ina da kwalabe biyu na kamfanoni daban-daban, kowace an rubuta mata 36375, amma da na shafa su gefe da gefe sai ɗaya ta karkata zuwa shuɗi, ɗayar kuma toka ce zalla. Wacce ce ta gaskiya? Sannan 36118 da 36270 ba ni da su, kuma kafin saƙo ya iso Katsina daga waje ana shan jira, ga tsadar dala. Shin zan iya haɗa su da baƙi da fari da shuɗin da nake da su, ko kuwa ɓata jirgin zan yi?

Injiniya_Daura
Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari mu fara da lambar kanta, domin tana faɗin abubuwa da yawa ga wanda ya iya karanta ta. FS 595 kundin launuka ne na gwamnatin Amurka, wanda a 2017 aka mayar da shi hannun ƙungiyar SAE ya koma AMS-STD-595, amma lambobin ba su sauya ba. Adadi na farko yana nuna sheƙi: 1 mai sheƙi sosai, 2 mai matsakaicin sheƙi, 3 mara sheƙi. Na biyu yana nuna dangin launi, inda 6 take nufin toka, 5 shuɗi, 4 kore. Ukun ƙarshe kuwa galibi suna hawa ne gwargwadon hasken launin, shi ya sa 118 ya fi 270 duhu, 270 kuma ya fi 375.

Asalin ma'aunin 'yan ƙananan katuna ne da aka shafa wa fenti, kuma kowane kamfani da nasa garin launin yake ƙoƙarin kamo katin. Wasu ma da gangan suke ɗan haskaka nasu domin ya dace da ƙaramin samfuri. Saboda haka saɓanin kwalabenka ba abin mamaki ba ne. Shi 36375 na ainihi yana da ɗan shuɗi a cikinsa, don haka wadda ta karkata can ta fi kusa, matuƙar shuɗin bai fito fili ba. Idan za ka yi oda, a jerin Mr. Color lambobin su ne 305, 306 da 308, a na Humbrol kuma 125, 126 da 127.

Baba_Rafindadi
Yaro, shawarata ita ce ka yi haƙuri ka jira fentin da ya dace, kuma ka sayi ukun duka daga kamfani guda. Dalilina shi ne kyan wannan tsari ba a launi ɗaya yake ba, a tazarar da ke tsakanin ukun yake. Kamfani guda ya riga ya auna wannan tazara, ko da kowane launi nasa ya ɗan kauce daga katin. Da zarar ka ɗauki na ciki daga wani wuri, na sama kuma ka dama da hannunka, sai ka ga iyakar da ya kamata ta fito a hankali ta yi tsalle, ko ta ɓace gaba ɗaya. Jirgin da aka yi makonni ana goge masa gaɓoɓi bai kamata a yi masa gaggawa a rana ta ƙarshe ba.

Mai_Fentin_Mota
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka a kan tazara gaskiya ce, amma ban yarda cewa hannu ba zai iya kamo ta ba. Mu a garejinmu na wajen Ƙofar Ƙaura kullum aikinmu ke nan: a kawo mota an buge ƙofa ɗaya, a ce mu dama fentin da zai saje da sauran jikin da rana ta riga ta ci. Babu lambar da za ta ba ka wannan, sai ido da gwaji.

Malam mai tambaya, abin da ya kamata ka sani tun farko shi ne baƙi da fari kaɗai ba sa ba da toka tsantsa. Kusan kullum abin da ke fitowa toka ce mai sanyi, mai ɗan shuɗi. Wannan alheri ne gare ka a wajen 36118 da 36375, tunda dama can suka karkata, amma 36270 toka ce da ba ta ɗauki ɓangare ba, don haka sai ka kashe shuɗin da ɗan ruwan ƙasa kaɗan, abin da bai wuce na bakin tsinke ba. Ka fara da fari kana ɗiga baƙi, kada ka fara da baƙi, domin baƙi yana da ƙarfin da sai ka ƙarar da kwalbar fari kafin ka dawo da shi. Ka auna da sirinji, ka rubuta abin da ka zuba, kuma ka dama fiye da bukatarka, saboda ranar da za ka zo gyaran wani ɗan wuri ba za ka sake samun daidai wancan ba.

Ɗan_Funtuwa
Ina goyon bayan Mai_Fentin_Mota. Ni da na Tamiya nake aiki, kuma ba daga baƙi da fari nake farawa ba, daga tokar da ta fi kusa nake tashi. XF-24 (toka mai duhu) da ɗan fari da ɗigon XF-18 (shuɗi) suna kai ni kusa da 36118, XF-53 (matsakaiciyar toka) da fari kuma suna kai ni wajen 36270. Hanyar ta fi gajarta, kuskure kuma ya fi ƙaranci.

Malama_Kimiyya
Akwai abin da har yanzu ba a taɓo ba, wato ko da an sami fentin da ya yi daidai da katin ɗari bisa ɗari, ba lallai ne ya yi daidai a kan samfurin ba. Wanda ya tsaya nisan mita 1 daga samfuri mai ma'aunin 1/48, tamkar yana kallon jirgin gaske ne daga nisan mita 48, idan kuma 1/72 ne, daga mita 72. Iskar da ke tsakanin ido da jirgin gaske tana ɗauke da ƙura da tururi, waɗanda suke watsa haske su dusashe launi, mai duhu ya yi haske, tazarar launuka kuma ta ragu. Mu mutanen Katsina ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan wannan. Duk wanda ya taɓa hango hasumiyar Gobarau daga nesa a tsakiyar hunturu ya ga yadda launinta yake komawa fari-fari, alhali da damina bayan an ɗauke ruwa tana fitowa da jan ƙasarta sarai. Shi ya sa masu wannan sana'a da yawa suke ƙara fari kaɗan a fentinsu, kuma gwargwadon ƙanƙantar samfurin, gwargwadon yawan farin. Ni a 1/48 nakan sa kamar kashi ɗaya na fari a cikin goma ga launi mai duhu irin 36118, mai haske kuwa nakan bar shi yadda yake.

Baba_Rafindadi
Malama, na ji bayaninki, kuma ban musa hazo ba. Amma mita 48 ba wata tafiya ba ce. A rana mai tsabtar iska, motar da ke can ƙarshen layi ba ta sauya launi a idon mutum. Abin da nake gani shi ne ana fakewa da wannan ƙa'ida ana zuba fari har jirgi ya fito kamar an bar shi shekara goma a rana. Kuma fari yana kashe shuɗin da ke cikin 36118, ya bar shi fayau ba rai.

Malama_Kimiyya
Baba, a kan zuba fari fiye da kima muna tare. Sai dai ba iska kaɗai ce dalili ba. Jirgin gaske yana tsaye ne a fili ƙarƙashin sararin sama, haske yana zubo masa ta ko'ina, samfurin kuwa a ɗaki yake zaune a kan kanta, inda hasken bai kai ko kusa da na waje ba, don haka launi mai duhu yakan ƙara duhu, ƙananan layukan jikin jirgin su nutse. Game da mutuwar shuɗi kuwa, maganinta shi ne a haskaka 36118 da 36375 maimakon fari, tunda dangi ɗaya ne, sai ya yi haske bai rasa sanyinsa ba.

Sabon_Shiga
Ku gafarce ni, ni sabo ne a wannan harka. Na sami samfurin jirgin yaƙi JF-17 na kamfanin Trumpeter, kuma burina in yi shi da tambarin Rundunar Sojan Saman Najeriya. Shin waɗannan lambobi na F-16 za su yi mini, tunda shi ma ruwan toka ne?

Injiniya_Daura
Barka da zuwa, Sabon_Shiga. Kada ka ɗauka duk jirgi mai ruwan toka da kundin Amurka aka shafe shi. Ingila tana da nata, BS 381C, kuma jirgin Typhoon na sojan samanta lamba 626 yake ɗauke da ita, wadda a Humbrol take 167, a Mr. Color kuma 334. Jamus tana da kundin RAL. JF-17 kuwa aikin haɗin gwiwar Pakistan da Sin ne, ana harhaɗa shi a Kamra ta Pakistan, kuma guda 3 ne Najeriya ta ƙaddamar a Makurɗi a watan Mayun 2021. Hanyar da ta fi maka ita ce ka tara hotunan jiragen namu da yawa, ka shafa tokokin da kake da su a kan farin kati, ka zaɓi biyun da tazararsu ta yi daidai da abin da hotunan suka fi nunawa. Lambobin F-16 za su iya zama mafari, amma kada su zama hujja.

Ko a cikin Amurka ma ba tsari ɗaya ba ne. F/A-18 da A-10 suna amfani da 36320 a sama da 36375 a ƙasa, launuka biyu masu kusanci ƙwarai. F-15E baki ɗayansa 36118 ne, F-15C daga baya ya koma 36176 da 36251, F-35 kuma 36170. Shi kansa F-16 ɗin, mai tambaya ya duba shekarar jirgin da yake kwaikwaya, domin daga baya an daina sa 36375 a ciki, aka bar launi biyu kawai, 36270 ya zagaye har ƙasa, wasu na baya-bayan nan kuma an shafe su da toka guda mai duhu irin ta F-35.

Mai_Hoto_Dutsinma
Injiniya, ina da gyara kaɗan a kan dogaro da hotuna, kasancewar ɗaukar hoto ce sana'ata. Toka ita ce launin da ya fi kowane yaudara a kyamara, domin duk abin da ke kewaye da ita take ɗauka. Saman fiffike yana kallon sararin sama, sai ya fito da shuɗin da ba nasa ba. Cikin jirgi yana kallon kwalta ko ƙasa, sai ya ɗauki ɗumi. Hoton da aka ɗauka da hantsi daban yake da na la'asar sakaliya, kuma ita kyamarar tana yin nata gyaran kafin ma hoton ya iso waya, wayoyi biyu kuma ba sa nuna launi iri ɗaya. Hoton da ya fi amfani shi ne wanda aka ɗauka rana tana cikin gajimare, kuma a nemi wani abu a cikinsa da aka san launinsa, kamar farin ƙafafun saukar jirgi ko baƙin taya. Idan farin ya fito da shuɗi, to duk hoton ne ya karkata, ba fentin jirgin ba.

Malama_Kimiyya
Wannan gyara na Mai_Hoto ya shafi teburin aiki ma. Fenti biyu suna iya sajewa a ƙarƙashin farin ƙwan sola, a fito da su rana kuma su rabu, saboda garin launin da ke cikinsu ba iri ɗaya ba ne. Tela mai neman zaren da zai hau shadda ba ya yanke hukunci a cikin rumfa, sai ya fito da ƙyallen bakin ƙofa. Mai tambaya ya gwada kwalabensa biyu a inuwa da safe kafin ya ce ɗaya ta kauce.

Ɗan_Kusugu
Tunda ana maganar damawa, ya kamata a ja kunnen sababbi cewa ba kowane fenti ne yake shiga cikin wani ba. Fentin mai irin na Humbrol na ƙaramin gwangwani ba ya haɗuwa da fentin ruwa. A cikin na ruwan ma akwai bambanci: na Tamiya da barasa ake tsinka shi, wato X-20A, na Vallejo kuwa ruwa ne tushensa, kuma idan barasa ta yi masa yawa sai ya guntse ya toshe bakin bindigar feshi. Mr. Color shi kuma dangin fentin mota ne mai tina. A dama kowane da ɗan gidansu. Kuma tinar gareji kada ta kusanci robar samfuri kai tsaye, tana cin ta. Mai fesa irin wannan ya yi a wuri mai iska, ya rufe hanci da abin da ya dace.

Mai_Fentin_Mota
Ɗan_Kusugu ya faɗi gaskiya a kan tinarmu, da wanke bindiga kawai ta dace a wannan aiki. Zan ƙara da batun yanayi, domin yana sauya launi fiye da yadda ake zato. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, fenti yakan bushe a iska kafin ya sauka, sai jikin jirgin ya yi gari-gari, kuma fuska mai gari tana watsa haske ta nuna kamar launin ya fi yadda yake haske. Mutum sai ya zargi kwalba alhali rana ce. A fesa da sassafe, a ƙara tsinka fentin, a matso da bindigar kusa, a rage iska. Da hunturu kuma a yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, a kife kwali a kan jirgin da zarar an gama.

Ɗan_Ƙofar_Soro
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na yi. Na samo fararen cokulan roba, na fesa musu fentin shimfiɗa irin wanda ke jikin jirgin, sannan na fesa kowane gwaji a bayan cokali, saboda lanƙwasarsa tana nuna haske da inuwa kamar jikin jirgi. Na rubuta ma'auni a kan mariƙin kowane. Da na fito da su inuwa kamar yadda Malama ta ce, kwalaben biyu sun matso kusa da juna fiye da yadda suke a ɗaki, amma har yanzu ɗaya ta fi sanyi, kuma ita zan ɗauka. Mai duhun ya fito yadda nake so. Na tsakiyar ne ya ƙi: ba ni da ruwan ƙasa, sai na sa rawaya domin kashe shuɗin, ya kuwa koma kore-kore. Kuma Injiniya, na duba takardar tamburan, jirgin da na zaɓa mai launi biyu ne, ke nan 36270 ne zai rufe mafi yawan jikinsa.

Mai_Fentin_Mota
Rawaya da baƙi kore suke haifarwa, balle an sami shuɗi a ciki. Kada ka zubar da shi. Ka taɓa bakin tsinke a ja ka juya a ciki, ja yana kashe kore, ka sake fesawa a sabon cokali. Amma ka bar shi ya kwana kafin ka duba, domin ɗanyen fenti da busasshe ba launinsu ɗaya ba.

Baba_Rafindadi
To ga irin abin da nake gudu. Yanzu launin da zai rufe mafi yawan jirgin shi ne wanda aka dama daga kala huɗu ko biyar. Ni da zan ba da shawara, a yi amfani da mai duhun da ya fito daidai, amma 36270 a saye shi, kwalba ɗaya ce tal. Masu zuwa Kano ba sa yankewa, kuma idan mutum uku ko huɗu a nan suka haɗa oda, kuɗin aikowa zai yi sauƙi. Sai dai a sani cewa gwangwanin feshi irin su AS-28 na Tamiya da fenti mai tina suna da wahalar aikowa ta jirgin sama saboda suna kama wuta, don haka a nemi na ruwa, H306 a jerin Aqueous.

Mai_Hoto_Dutsinma
Baba, ko an sayo ta, ba za ta zauna yadda ta fito daga kwalba ba. Kafin a manna tambura ana fesa ruwan kariya mai sheƙi, wanda yake ƙara wa toka duhu, bayan an gama kuma a rufe da mara sheƙi, wanda yake dawo da ita haske. Gwajin cokali bai cika ba sai an bi da shi ta waɗannan matakai biyu. Sannan jirgin da ke bakin aiki ba launi ɗaya ne shimfiɗe a jikinsa ba. Rana tana cin samansa, ana shafa sabon fenti a inda aka yi gyara, hannayen makanikai suna barin dauɗa a bakin ƙofofin duba inji. A jiragen sojan ruwan Amurka abin ya fi fitowa, domin gishirin teku yana sa a riƙa bin tsatsa ana shafewa, har F/A-18 ya zama dabbare-dabbare. Ko hancin F-16 ma, da yake rufinsa daban ne da na sauran jiki, yakan fi duhu a wani jirgin, a wani kuma ya kusa sajewa.

Ɗan_Funtuwa
Fentin wannan cokalin da ya ɗan karkata ma yana da amfani. A tsinka shi sosai a fesa a kan ƙananan wurare biyu ko uku na jikin jirgin, ya zama kamar wurin da aka yi wa gyara.

Injiniya_Daura
A yi hattara da wannan shawara a kan F-16. Na sojan saman Amurka sun fi na sojan ruwa tsabta nesa ba kusa ba, kuma dabbare-dabbaren da ya dace da F/A-18 zai yi masa yawa. Bambancin ya zama wanda sai an matso ake gani. Game da 36270 kuwa ina tsakanin Baba da Mai_Fentin_Mota: idan jan ya gyara shi bayan ya kwana, kuma ya zauna daidai kusa da mai duhun a inuwa, a yi aiki da shi, idan kuma bai gyaru ba a zagaye na biyu, a daina ƙara masa kala. Baba, idan za a haɗa odar, a sa ni a ciki, ina bukatar Mr. Color 307, sai kuma 317 na cikin ɗakin matuƙi.

Sabon_Shiga
Ni ma a sa ni. Malama, tunda nawa 1/72 ne, shin mai hasken ma zan ƙara masa fari, ko mai duhun kaɗai?

Malama_Kimiyya
Ka fara da mai duhun kaɗai, ƙanena, ka haskaka shi da ɗan'uwansa mai haske, ka fesa su biyun a bayan cokali ɗaya rabi da rabi. Ka ajiye cokalin a nisan da za a riƙa kallon jirgin idan an gama. Idan iyakar tana fitowa fiye da yadda take a hotunan da Mai_Hoto ya ce a zaɓa, sai ka ƙara. Baba zai ce kada a taɓa shi sam, don haka ka fesa cokali na biyu da fentin yadda ya zo, ka turo mana hoton duka biyun a haske ɗaya.